Kilomita Biyar ta Mota ko ta Tsuntsu?

Anti, don Allah ki taimake ni da haske. Kwana goma sha huɗu aka ba ni in rufe makarantata, huɗu sun riga sun tafi.

Ni malamin koyar da tuƙi ne. Shekara tara na yi a makarantar maigidana, mutumin da ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari. Ba shi da aibu sai faɗa, shi ma mun saba. Ranar da na je sallama zan buɗe tawa, ya sa mini albarka, sannan ya jawo durowa ya fito da wata takarda da na sa wa hannu tun shekarar da ya ɗauke ni aiki. Wallahi na manta da ita. A tsaye na sa hannun, a jikin mota, ko layin farko ban karanta ba. A ciki an ce in na bar shi, ba zan koyar da tuƙi a cikin kilomita biyar daga makarantarsa ba har shekara biyu.

Ban yi gardama ba. Na sami shago a ƙetaren layin dogo, na je ƙofar makarantar maigida na mayar da mitar mota sifili, na tuƙa har bakin shagon. Kilomita shida da ɗan ɗori. Sau uku na auna, na ukun ma da matata a gefe don ta zama shaida. Na kama haya, na sa wa tsohuwar motata burki na biyu, aka rubuta allo. Yanzu ɗalibaina bakwai.

Kwatsam sai ga takardar lauyan maigida da taswira, an zana da'ira da jan biro, shagona tsundum a ciki. Wai kilomita biyu da rabi ne tsakaninmu. Ashe su a miƙe suka auna, ta saman layin dogo da rufin gidajen mutane, ni kuwa dole sai na zagaya ta gada. Na hau benen maƙwabcina don in ƙaryata su, sai ga tankin ruwan maigida ina hangowa.

Mamakina ya fi haushina, Anti. Wa ke zuwa koyon mota ta sama? Shin ma'aunin doka na direba ne ko na tsuntsu? Kuma aikina a titi yake, ba a shago ba. In na ƙaura can nesa, ɗaliba ta sha kwana ta shiga da'irar nan, na karya alkawari ke nan? In taka burki mu fita mu tura?

Akwai abin da ko matata ban gaya wa ba. Uku daga cikin ɗalibaina ƙannen waɗanda na koyar a can ne. Lambobin yayyensu suna wayata, kuma ni na fara kira. Ina tsoron rasa makarantar, ina kuma jin kunyar haɗa ido da mutumin nan a kotu.

Mai Burki Biyu

Ɗan'uwa Mai Burki Biyu,

Awonka ya ba ni dariya, ya kuma nuna mini ka yi niyyar cika alkawari. Mai son zamba ba ya auna hanya sau uku.

Amsar tambayarka tana cikin takardar. In an rubuta yadda za a auna, shi ke nan. In ba a rubuta ba, alƙalai a wurare da dama sukan auna a miƙe, don haka kada ka jingina da mitarka. Sai dai sa hannu ba ya halatta kowane sharaɗi. Kotu takan duba ko faɗin wurin da tsawon lokacin sun wuce abin da maigida yake buƙata don kare kasuwarsa, har sun hana mutum neman abinci. Dokar ta bambanta daga wuri zuwa wuri, shi ya sa gobe da safe za ka nemi naka lauyan ka kai masa takardun biyu, ya amsa kafin wa'adin ya cika. Ka tambaye shi batun ɗalibar da ta sha kwana, ko da yake ina jin inda kake karɓar ɗalibai za a fi dubawa.

Yanzu ka zauna a kujerar maigidanka. Ina zaton ba shagonka ne ya kai shi wurin lauya ba, kiran wayar nan uku ne. Shekara tara yana turo maka mutanensa, ka tafi da lambobinsu a aljihu. Wannan ba ya buƙatar taswira. Ka daina kiran, ka kuma gaya wa lauyanka gaskiya, da matarka.

Bayan ka ji ta bakin lauya, ka ɗauki dattijon da maigida yake jin nauyinsa ku je. Ka fara da ban haƙuri a kan ukun nan kafin ka ambaci kilomita. Ka nemi ya bar ka a inda kake, kai kuma ba za ka taɓa mutanensa ba har shekara biyun su cika. Duk abin da kuka daidaita a rubuta, kuma wannan karon ka sami kujera ka karanta. Kai da ba ka barin ɗalibi ya motsa mota sai ya duba madubi.

Allah ya sassauta zuciyarsa, ya bar maka allonka a inda ka kafa shi.

Anti