Wa Ya Shafa wa Ɗan Lele Ƙuraje?

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Mu nan lafiya lau, kada ki tayar da hankalin kowa.

Ɗan Lele ne ya yi zazzaɓi kwana uku, jiki kamar garwashi. Da ya sauka, sai jajayen ƙuraje suka feso masa ciki da baya. Yaron da nonona kawai yake sha, ta ina ciwo ya shige shi?

Zuciyata ta tafi kan maƙwabciyata, tsohuwar da nake bar mata shi in zan tafi wurin wanki da guga. Nakan tatsi nono a kwalba in bar mata, in ja layi daidai inda ya tsaya. Sau biyu na tarar bai ragu ba, yaro kuwa a ƙoshe. To me take ba shi? Ta ce wai barci ya yi. Na gaya mata maganar da ba ta haɗiyuwa, na fito na bugo mata ƙofarta da ƙarfi.

Likita ta ce ciwon yara ne da aka saba gani. Nono yana taimakawa, amma ba kowane ciwo yake tarewa ba, kuma ta yawu ake ɗauka, ko daga babba mai lafiya. Ta tambaye ni wa ya fi sumbatarsa. Wa kuwa, in ba ni ba? Ni dai har yanzu ban yarda da tsohuwar nan ba.

Ƙurajen sun baje, alhamdu lillahi. Ki sa Inna ta yi mana addu'a, amma kada ki gaya mata dalili. Gobe zan koma aiki, kuma duk benen nan ƙofa ɗaya ce nake da ita ta barin yaro, wadda na bugo.

Ƙanwarki