Dusar Katako Ta Yi Daraja

Laraba, da dare

Na dawo daga Dei-Dei da buhunana wayam. Shekara huɗu ina kwasar dusar katako a injin Oga Bitrus, in ƙona ta, in cura da kokon rogo ta zama gawayi. A da har roƙona yake in kwashe, don shara ce a wurinsa.

Yau na tarar da tirela a ƙofa, an share wurin tas. Ya kasa kallon idona. Ya ce, "Maman Rahila, ki yi haƙuri. Wani kamfani ya kama ta duka, har ta baɗi."

A gaban motar na hango mutumin da ya zo gidana bara, wai yana son koyo. Ashe shi ne mai kamfanin. Ni na ba shi kujera, na nuna masa komai, ina ta murna sana'ar za ta yaɗu, a rage sare itatuwa. To, ga shi ta yaɗu. Har ɗago mini hannu ya yi.

Me zan ce wa masu tuyar ƙosan da gawayina ya raba da hayaƙi?

Da itace na tuƙa tuwon dare. Rahila ta ce, "Mama, kuka kike?" Na ce mata hayaƙi ne.