Marfin Kwalba Bakwai

Nima, Ankara
9 ga Maris, 1996

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Abibatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta jini ɗaya, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya lau, ke da maigidanki Malam Iliasu da yara, Ya kuma sassauta muku wannan sanyi na Toronto da kike cewa har ɓargo yake shiga. Mu nan sai godiya. An yi azumi lafiya, an yi Sallah lafiya. Ƙafar uwargidana Adiza ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwar Mamobi da kanta, don ta ce duk wanda aka aika sai ya kawo mata kifin jiya. 'Yata Madina ta sauka, an samu namiji, an yi suna a Kokomlemle, kuma ba yabon kai ba, an ci an bari. Sabon shagon da na gina a unguwar Malam ya fara aiki tun kafin azumi. Ke nan uku a Zongo Lane, ɗaya a Malam. Na faɗa miki ne don ki yi murna, ba don komai ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro da kaina ban jira waya ba. Ɗanki da ke zaune a wajenki, ɗan farina, wanda kin san bakina bai taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi, ya aiko mini da takarda shafi huɗu. Shekara shida yana can, takardunsa ba sa wuce rabin shafi: yana lafiya, karatu lafiya, a gaishe da mutanen gida. Da na ga shafi huɗu sai na gyara zama, na sa gilashi, na ce yau yaron nan ya tuna yana da uba. Layi uku ne nawa, Hajiya. Na ƙirga. Sauran duka na Ziblim ne.

Ba ki manta Ziblim ba, Badagomben nan mai amalanke da ke tsayawa gindin durumi kusa da babbar kwatar Nima. Wai ɗanki da abokansa suna haɗa wani wasa a kwamfuta. Yadda na fahimta, mutum yana zama wani jarumi, ya shiga ƙasar aljanu da dodanni da takobi a hannu, in ya gaji ko makaminsa ya karye sai ya tarar da wani ɗan kasuwa a hanya ya sayi guzuri. To wai suna neman ɗan kasuwar da ba a taɓa ganin irinsa ba, shi kuma ya ce musu ya san shi, a unguwarsu yake. Ya rubuto in taimaka in je da rakoda in ɗauko masa muryar Ziblim a kaset, da yadda yake talla, da yadda yake dariya. Ni. Ni zan je.

Hajiya, ki yi mini adalci. Idan ana neman ɗan kasuwa a Nima, wa ya kamata a fara tunawa? Ina aji uku na sakandare na ajiye littafi lokacin da Baba ya kwanta ciwo. Na ɗauki huhun goro a ka, na yi tallar ƙusa a faranti, na kwana a bayan mota tsakanin Kumasi da Ankara sau ba adadi. A shekarar yunwa ta tamanin da uku, da mutane ke layin dokunu ɗanye, ƙullun masarar nan da ba a ko dafa ba, gidana ba a kwana da yunwa ba, kin sani, don a nan kike. Ba wanda ya ba ni gado. Shi kuwa Ziblim shekara talatin amalanke ɗaya, kuma har yau ƙafarta ta hagu tana kuka. Me yake sayarwa? Makullai marasa kwaɗo. Takalmi ƙafa ɗaya, wai akwai masu ƙafa ɗaya a duniya, su ma bayin Allah ne. Agogon bango da ba shi da hannu, wai na masu hutawa ne. Ga zabuwa a saman kaya, yana kiranta Manaja, in ka taya abu sai ya juya ya tambaye ta ko ta sallama. Wannan ta yanzu ita ce Manaja ta biyar. In azahar ta yi ya shige ƙarƙashin amalanke ya yi barci, mai saye ya ɗauka ya ajiye abin da ya ga dama. Na taɓa gani da idona ya hana wani lema ana ruwa, wai ita ma lemar ba ta son jiƙewa. Ran da ya sayar da wata ƙararrawar keke da yake so, ya tashi kasuwa tun hantsi, wai yana makoki. Wannan shi ne ɗan kasuwar da za a nuna wa Turawa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a wuya yana shafi na uku. Ɗanki ya rubuta cewa abin mamakin Ziblim shi ne duk abin da yaro ya kwana yana so, da safe zai tarar da shi a amalanken, kuma ba ya karɓar kuɗin yara, sai musaya: dutse mai kyau, ko tatsuniya, ko marfin kwalba. Ya lissafa ƙwallon fata, da maganaɗisu, da tocila mai ido uku, da akwatin kayan lissafi. Sannan madubin hangen nesa, wanda ya ce ya samu da marfin kwalba bakwai yana ɗan shekara tara, kuma da shi ya fara kallon jirage suna tashi daga filin jirgi, har ya sa a ransa wata rana zai shiga ɗaya. Ya ce Ziblim ne ya buɗe masa duniya. Haka ya rubuta. A kan wannan za su gina ɗan kasuwar wasan, mutumin da kayan buƙatarka ke riga ka zuwa wajensa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Ni na sayi madubin nan. A Tema na same shi wajen wani ma'aikacin jirgin ruwa, na yi kwana biyu ina binsa kafin ya sallama. Ƙwallon ni ne, tocilar ni ne, duka ni ne. Kin san yadda aka rene mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a wasa da shi. Baba bai taɓa miƙo mini ko alewa da hannunsa ba, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Ni ma haka na yi, har ma na fi shi, don Inna tana raye lokacin, idonta a kaina. Sai dai zuciya ba ta san kunya ba. In na zauna alwala a tsakar gida ina jin yaran suna hira a bayan randa, sai in tsawaita wankin ƙafa har in ji abin da yake buri. Kwana biyu in nemo, in bi ta gindin durumi bayan asuba in cusa a ƙarƙashin buhun Ziblim. Na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Ko Adiza ba ta sani ba, ita ma tana tata kunyar. Sai ga shi yau, kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Na yi sati biyu takardar tana aljihuna. Sau biyu na wuce ta gindin durumin a mota ban ko rage gudu ba. Na ce wa kaina hassada ga mai rabo taki ce, amma faɗa da baki ya fi sauƙi. Daga ƙarshe ranar Talata da hantsi na ɗauki rakodar Madina, na sa babbar riga, na tafi da ƙafa, don kada a ce Alhaji ya zo da mota yin gori.

Na tarar da shi yana ba Manaja dawa a tafin hannu. Ya tsufa, haƙoransa na gaba sun tafi, amma dariyar tana nan. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya yi ta dariya har da tari, ya ce ashe yanzu aljanu ma za su zo cin kasuwa wajensa, to Allah Ya sa suna da ƙafa ɗaya. Ya kama sunan yaron nan ya yi ta maimaitawa, baki cike, kamar shi ya yanka ragon. Ina tsaye ina ji. Sannan ya ce murya kaya ce, ba ya bayar da kaya sai da musaya, ya nuna hulata. Zanna ce sabuwa, ta Sallah. Na ce ya faɗi wani abu dabam, ya juya ya tambayi zabuwa, ya ce Manaja ta ce hula ko a fasa. Mutane sun fara taruwa, masu dako da mata masu koko. Na cire na ba shi. Ya ɗora ta a kan tasa hular, biyu ke nan, ya gyara murya.

Ya cika fuska ɗaya ta kaset. Ya yi talla da Hausa da Dagbanci da Tuwi a haɗe, ya yi wa takalmi ƙafa ɗaya kirari, ya ba da labarin makullin da ya ce na ƙofar wani gari ne da ya nutse. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na kusa dariya sau ɗaya, na mai da ita tari. Da zan juya kaset, mutane sun ragu, sai na rage murya na ce masa na warware masa rantsuwar nan, ya faɗa a fuska ta biyu daga ina kayan suke fitowa. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

Ya dube ni. Ya ce in ina so zai faɗa, ba wuya. Amma in tuna ni na sayi madubin, shi kuwa ya durƙusa a ƙasa ya nuna wa yaron ta inda ake dubawa, ya zauna da shi har la'asar suna jiran jirgi, kuma da jirgin ya tashi shi ne yaron ya rungume. Ya ce wannan ba a buhu aka cusa masa ba. Ba da gori ya faɗa ba, Hajiya, da ma da gori ne da na san amsarsa. Yana faɗa yana cire wa zabuwa ƙaiƙayi. Sai ya ce: “Alhaji, labarin nan ba kayana ba ne. In ya fito daga bakina, ni zai ƙara yabo, ya ce Ziblim mai riƙon amana.”

Na kashe rakoda. Har na juya zan tafi ya kira ni, ya tona ƙasan amalanke ya fito da wani tsohon gwangwanin madara. Marfin kwalba ne a ciki, bakwai, duk sun yi tsatsa. Ya ce na madubin ne, mai kaya aka biya, shi ajiya kawai ya yi, kuma shekara goma sha bakwai yana jiran in zo in tsaya a gaban amalankensa da rana tsaka kamar kowa. Haka na ratsa Nima kai ba hula, da rakoda a hannu ɗaya da gwangwani a ɗaya. Liman Gafaru ya gan ni ya tambaya ko lafiya, na ce iska ce ta ɗauke.

Kada ki ɗauka na huce. Ban huce ba. Jiya na gan shi da huluna biyu yana barci a ƙarƙashin amalanke, ba shago, ba gida nasa na kansa, ba abin da ya dame shi, ga ɗana can ƙetaren teku yana rubuta shafi huɗu a kansa. Na tsaya ina tambayar kaina wa ya ci riba tsakaninmu. Shekara talatin ina ganin na san amsar.

Ga kaset nan na ba Alhaji Dramani da zai taso ranar Jumma'a, tare da yaji da kuka da daddawa da Adiza ta haɗa miki. Fuska ta farko ban taɓa komai ba, ko tarin Ziblim ban goge ba. Fuska ta biyu ba komai a ciki. Na zauna da ita a shago bayan azahar, na danna, na yi sallama, sai na kasa, na goge. Ban ce ki karanta masa takardar nan ba. Ban kuma ce ki ɓoye ta ba, ke gwaggonsa ce, ke ba ki da kunyarsa. Abu ɗaya kawai nake so ki tambaye shi, kamar daga gare ki ya fito: wannan ɗan kasuwa nasu da kullum ake tarar da abin buƙata a amalankensa, wa ke yi masa lodi kafin gari ya waye? Ko a ƙasar aljanu kaya ba sa hawa amalanke da kansu. In yana da kan kasuwa irin na gidanmu, zai gane wasan nasa da saura mutum ɗaya. Ba sai an nuna fuskarsa ba.

Adiza tana gaishe ki, da Madina da jaririnta, da Hamsatu, da Jibirilu wanda har yanzu yana jiran agogon da kika yi masa alkawari. Ki gaishe mini da Malam Iliasu da kyau, da Mariatu da ƙannenta. Ziblim ya ce a gaishe da kowa, har da Manaja tana gaisuwa, na isar don amana ce. Gwangwanin yana cikin akwatin ƙarfena na shago, a kan takardun gida.

Ki kuma gaishe da Imurana. Na rubuta. Ki nuna masa wannan layin in kin ga dama.

Ni ne yayanki,
Alhaji Abdulganiyu