Na Ce Napa Muka Je

Anti Zaituna, don Allah ki taimake ni, bakina ne ya ja mini. Ni nas ce, muna zaune a unguwar Parkchester ta Bronx, a birnin New York, da maigidana Yafet. Bana muka cika shekara goma da aure, ya ɗauki hutu ya kai ni Finger Lakes, nan cikin jihar New York, awa biyar a mota. Ban taɓa jin sunan wurin ba. Gonakin inabi ne a kan tudu, tafki a ƙasa, sai ki ce garinmu Pankshin aka ƙara wa ruwa. Wata tsohuwa mai gona ta zuba mana farar giyar inabinsu da hannunta, ta zaunar da mu tana ba mu labarin marigayi mijinta har rana ta yi sanyi. Na manta rabon da mu yi dariya haka ni da Yafet.

To, ran Lahadi bayan coci, ƙawata Abigel, wadda ta je shahararrun gonakin inabi na Napa ta California bara ta cika mana kunne, ta tambaye ni ina muka je. Kafin in ankara na ce Napa. Ta yi murna, wai mu haɗu mu tsara wa ƙawayenmu tafiya can, kullum tana tambayata gonakin da muka shiga. Yafet yana tsaye sa'ad da na faɗa. Har yau bai ce uffan ba, shirun nan ne ke cina.

'Yar Pankshin a Bronx

'Yar Pankshin, ni ba na sha, don haka na tambayi waɗanda suka je wuraren biyu. Napa ba a banza ta yi suna ba: jar giyarta ta zaga duniya, ga rana, ga manyan gidajen abinci. Sai dai akwai cunkoso, da wuya mai gona ya zauna hira da ke. Finger Lakes ba ta kai ta suna ba, sanyinta kuma ba wasa, amma masana suna yabon farar giyarta. Kowace da ranarta.

Fara da Yafet. Shi ya zaɓi wurin, kika ɓoye shi gaban mutane kamar abin kunya. Ba shi haƙuri yau, ki faɗa masa irin daɗin da kika ji, yadda kika faɗa mini. Sannan ki kira Abigel kafin Lahadi ki gaya mata gaskiya. Za a yi miki dariya mako guda, a manta. Ƙawayen kuma ku ba su zaɓi: ta ja su Napa, ko ke ki ja su inda kika sani.

Allah ya ƙara muku zaman lafiya, ya nuna muku shekara ashirin.