Shukar Nevenka a Gidan Rami

Coober Pedy

Zuwa ga yayata Froso,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da kasuwa. Yaya, ki zauna kafin ki karanta: Nevenka ba ta ce a'a ba! Ranar da zan taho daga Adelaide na tsaya a rumfar shuke-shukenta da ke jikin rumfarki, na ce ta aure ni. Sai ta miƙo min wata 'yar shuka mai kaurin ganye a kasko. Ta ce, "Lambros, ni ban taɓa kwana cikin rami ba. Ka kai wannan gidanka. In ta rayu zuwa Kirsimeti, ni ma zan iya."

Kin san gidana a cikin tudu aka haƙa shi, kamar yawancin gidajen garin nan, don gudun zafi. Na rungumo shukar a bas kamar jariri. Na ajiye ta a ɗakin da ya fi zurfi da sanyi, kusa da gadona. Ruwan nan da muke saye da tsada, ita ke fara sha, safe da yamma. To ga shi ganyenta sun langaɓe kamar kunnen akuya, wasu sun yi rawaya suna zubewa. Na ƙara mata ruwa, abin sai gaba yake yi. Ki cece ni!

Ƙanenki,
Lambros

Adelaide

Zuwa ga autan gidanmu, sarkin haƙa,

Na amsa gaisuwa. Kowa lafiya, kasuwa sai godiya: zaitun na tafiya, cuku na hutawa. A rumfa na karanta wasiƙarka, na yi dariya har wata mata ta zaci da hularta nake. Mutum ya doshi hamsin, yana gane dutsen ofal mai daraja cikin duhun rami da 'yar fitila, amma bai san shuka na son rana ba! Ka kai ta ƙuryar rami kana ta ɗura mata ruwa sai ka ce raƙumi zai ƙetare hamada.

Irin wannan a ganyenta take ajiye ruwanta, kirkinka ne ke kashe ta. Ka zare ta daga kaskon ka duba saiwa, duk wadda ta yi baƙi ta yi laushi ka yanke. Ka bar ta ta sha iska 'yan kwanaki, sannan ka dasa cikin yashi da tsakuwa, abin da Allah ya hore muku ke nan a garin nan. Ruwa kuwa, sai ka tsoma yatsa ka ji ƙasa ta bushe ƙamas. Sannan haske, Lambros, haske!

Kada ka ce ni ce gwana. A bakin Nevenka na tatso, na ce wata mai sayen cuku ce ke tambaya. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Matar nan taki a rijiya take zaune?" Na ce, "Sha kofinki, ƙawata, yana hucewa."

In abin ya faskara kada ka tada hankalinka, shuka ba ta da katin shaida. Na ga irinta sak a wurin wani mutum can ƙarshen kasuwa. Ka ce uffan kawai, in saka maka a bas.

Taka,
Froso

Coober Pedy

Yaya Froso,

Gaisuwa irin ta kullum. Na yi mata fiɗa kamar yadda kika ce, rabin saiwar ya ruɓe. Da kika ce haske sai na fitar da ita kan tudu da tsakar rana, kafin in dawo daga haƙa ganye biyu sun ƙone. Yanzu da sassafe nake fito da ita bakin ƙofa, rana na yin zafi in baro aiki in mayar da ita ciki. Abokin haƙata Dragan ya ce in sai mata hula.

Jiya ina ɗauke da ita sai na tsaya cak a zaure. Na ce, to in Nevenka ta zo, ita ma a kasko zan riƙa fito da ita? Matar da ta yi rayuwarta cikin furanni! Yaya, na aro injin haƙa na Dragan, na fara huda falo zuwa gefen tudu. Taga zan yi, babba! Maƙwabta sun taru suna cewa zafi zan jawo wa kaina. Su ce.

Kada ki aiko wata shuka. In wannan ta mutu zan faɗa mata ta mutu.

Naki,
Lambros

Adelaide

Lambros,

Gaisuwa a tsaye, don labarin ba ya jira. Ka san yayarka ba ta jin magana. Na ce bari in sayi shukar nan mai kama da taka in ajiye, ba a san gobe ba. Na yi ciniki, na cusa kaskon cikin kwandon albasa, ina juyowa sai ga Nevenka a gabana, hannu a ƙugu.

Ta ce, "Froso, yaushe albasa ta fara fitar da ganye mai kauri?"

Na ce, "Sabon iri ne, daga ƙauye."

Ta ce, "Ina maƙwabciyarki, ki wuce ni ki saya wurin wancan mai tsadar? Ta mutu ke nan?"

Na ce, "Ba ta mutu ba, tana dai tunani."

Ba ta yi dariya ba. Na ga kaya za su zube, sai na yi abin da ɗan kasuwa ke yi in dabara ta ƙare: na fito da gaskiya. Na zaro wasiƙarka daga aljihu na karanta mata kaf, har zancen hula. Da na zo kan taga ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta karɓi takardar ta karanta da kanta, ta juya ta tafi da ita, ko sai anjima babu.

Ni da nake gane mai saye daga mai taya tun daga bakin titi, wallahi na kasa karanta fuskar matar nan. Ko na gyara, ko na ɓata. Shukar kuma tana nan a rumfata, ina asarar wurin cuku.

Yayarka mai ƙaunarka,
Froso

Adelaide

Lambros,

Ina gaisuwa. Ka rabu da shukar, ka daina yawo da ita, ta gaji. In ma ta mutu, ka kwantar da ganye ɗaya a kan yashi, wata za ta fito.

Tagar, ina take kallo? In yamma ce, ka toshe ka huda wata ta gabas, kuma ka bar mata daɓe mai faɗi. Ina tafe ranar Juma'a. Ka zo tasha da motar ɗaukar kaya, kasakena suna da yawa.

Nevenka