Damin Geron da Kike Warewa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina fatan makwancinki da sanyi.

Inna, tun ina kiwon awaki nake jin raɗe-raɗin wai Tanko, kakan Baba, ba ɗan gidanmu ba ne. Wai a wata shekarar yunwa wata mata ta ɓullo daga gabas da yaro a hannu, ta karɓi damin gero ɗaya, ta bar shi, ta wuce. Na ɗauka irin hirar da ake yi ce a Tsanyawa in kasuwa ta watse.

Yanzu jikata Hauwa'u, da take jami'a wajen Rijiyar Zaki, ta zo tana haɗa salsalarmu. Ta zana mu kamar bishiya, ni ina can wani reshe da ya kusa karyewa. Da ta kai kan Tanko sai ta tambaye ni sunan ubansa.

In na ce Malam Audu, maigidan da aka bar wa yaron, yadda aka saba faɗa, shi ke nan. In na ce ban sani ba, jikokin ƙanen Malam Audu, da tuni suke hangen gonarmu ta bakin rafi, za su ce ba mu da gado a cikinta.

Na buɗe baki, sai ke nake gani. Duk kaka, bayan an fitar da zakka, kina ware dami ɗaya ki jingine a gabashin zaure. In na tambaya sai ki ce, "Na mai dawowa ne." Wata shekara matafiyi ya ɗauka, wata shekara gara ta ci. Tun rasuwarki ba wanda ya ware, amma har yau in na zo wurin sai na kauce.

Gobe zan ce wa Hauwa'u ta bar wurin uban babu suna, ta rubuta "mata daga gabas" a gefe. Gona kuwa, Allah Ya ba mai rabo.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Tanko, Ya jiƙan matar nan duk inda ƙasa ta rufe ta.

Da yawa sun ba ni labarin nan na yi dariya. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe ke ce, Inna, kina jinyar ajali, kin riƙe hannuna kina cewa, "Sule, ka ware mata, kada ta dawo da yunwa ta sake barin wani ɗan."

Ɗanki,
Sule