Amortison da na zaɓar wa surukina zai nakasa shi

Assalamu alaikum Hajiya mai shafi, da jama'ar da ke karantawa. Don Allah ki ɓoye sunana da lambata, domin in aka gane ni a Tanut sai dai na kwashe kayana na koma Agadas. Ku kuma masu sharhi, na san bakinku, nawa ya fi naku kaifi, amma yau ku sassauta min. Kwana shida ke nan tuwo ba ya wuce min maƙogwaro.

Ni mutum ne mai barkwanci. In na ga ɓera zan ce kura na gani, kowa ya san ni da haka, a tasha ma ranar da ban fito ba cewa ake yau gari ba daɗi. Surukina kuwa, mahaifin maiɗakina, wanda nake ce wa Baba, ba ya cikin wannan sahu. Allurar dabbobi yake yi, yana bin rugage da rijiyoyi tun daga Ollelewa har gefen Belbeji, kuma shekara huɗu da auren ƴarsa ban taɓa ganin haƙoransa ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya ce "lafiya" ya kau da kai. Na san a ransa yana cewa ƴarsa rediyo ta aura.

Baba yana da keken hawan dutse, gwanjon Turai, mai manyan tayoyi. Ya ƙi babur, ya ce keke ba ya shan esansi, wato fetur, ba ya kuma firgita garke. Ƙarƙashin sirdin akwai amortiso, ƙarfen nan mai naɗaɗɗen sifirin da ke shanye gargada kafin ta kai bayan mutum. To nasa ya mutu, man ciki ya tsiyaye. Da maiɗakina ta ba ni labari sai na ga dama ta samu, na bugi ƙirji na ce ta faɗa wa Baba ya bar min wannan, ni da amortiso tare muka girma. Hajiya, wallahi kafin ranar ban san ana kwance shi ba.

Na ɗauki tsohon amortison na tafi Damagaram wurin wani mai kayan keke, kuma mutumin nan ba shi da laifi ko kaɗan, ya san aikinsa. Ya auna tsawon daga rami zuwa rami, ya fito da uku masu tsawo ɗaya ya jera min, ya ce bambancinsu sifirin ne: mai laushi na marar nauyi, mai tauri na ƙato. Sai ya ce, "Kilo nawa ne mai hawan?" Kafin na buɗe baki wani da ke zaune a benci ya ce, "Ba shi na yara, mutumin Damergu ne, fura kawai suke sha, iska ma ɗaukarsu take." Shago ya kwashe da dariya. Ni za a yi wa haka, a gaban mutane? Na ce, "Kai ɗan birni, surukina da hannu ɗaya yake kayar da bijimi, ɗayan hannun yana riƙe da allura. In ya zauna a amalanke jaki kuka yake. Kilo ɗari da arba'in, shi ma bai karya kumallo ba." Mai shago bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, wannan ba abin wasa ba ne, kira shi ka tambaya." Ku faɗa min tsakani da Allah, wa ya taɓa kiran surukinsa ya ce Baba kilo nawa kake? Mutumin da ban iya shan ruwa a gabansa? Maiɗakina ma da zan iya kira, sai na ga in na yi haka ɗan benci ya ci ni. Sai na zaro waya na kara a kunne, ba wanda na kira, na ce, "To Baba... ɗari da arba'in da biyu? Allah ya ƙara lafiya." Na kashe. Mai shago ya miƙo min mafi tauri, mai jan sifirin.

Baba kuwa siriri ne kamar karan gero. In ya sa babbar riga sai ka nemi mutumin a ciki.

Aka ɗaura. Da ya hau, abin ko motsi bai yi ba, kamar an sa taɓarya. Na ga fuskarsa lokacin da tayar baya ta faɗa wani ɗan rami a ƙofar gida, ya runtse ido. A nan ya kamata na yi magana. Amma ya sauko, ya shafa jan sifirin nan, ya dube ni ido da ido karo na farko, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Bayan la'asar ya tura keken har ƙofar masallaci yana nuna wa dattawa, yana cewa ɗansa ne ya je har Damagaram ya zaɓo masa. Ɗana fa ya ce, ba mijin wance ba. Da wane baki zan ce masa ƙarya na yi?

Na ce wa kaina ƙarfe ne, zai yi laushi. Wata uku ke nan, ƙarfe bai yi laushi ba, Baba ne ya yi. Kowace tafiya ya dawo yana dafe da ƙugu. Wanzami ya yi masa ƙaho sau uku, bayansa duk tsaga. An jiƙa masa sassaƙe kala-kala, har ni aka aika na sayo, na je na sayo ina sane. Yanzu a zaune yake salla. Makon jiya ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa, maiɗakina ta matsa ta kai shi asibiti. Majo, babban ma'aikacin asibitin, ya ɗora shi a sikeli ya rubuta a karne, ɗan littafin nan na marar lafiya, ta dawo da karnen gida na buɗe: kilo hamsin da takwas. Wato na haɗa Baba biyu da rabi na saya wa amortiso. Majo ya ce wani abu na bubbuga masa ƙashin baya, in bai daina ba ƙafar za ta iya tafiya gaba ɗaya. Ya tambaye shi ko keken ne. Maiɗakina ta ce Baba ya amsa da cewa, "Kekena lafiyarsa ƙalau, sabon ƙarfe gare shi. Tsufa ne."

Kuma Hajiya, abin da ke cina ke nan: ina jin ya sani. Mutumin da ya shekara goma a kan keken nan zai kasa gane bambanci? Kunyata yake ji kamar yadda nake jin tasa. Ya riga ya yabe ni a gaban dattawa, ba zai cire kyautar suruki ya kunyata ni ba, gara bayansa ya tafi.

Ba zama na yi ba. Na faki idonsa na sassauta zoben sifirin har ƙarshe, banza. Na rage iskar tayar baya, ya sa famfo ya mayar. Na aika maiɗakina ta ce masa wai na ga wani sabon samfuri da ya fi wannan, ya ce, "Ki ce masa kada ya wahalar da kansa, wannan zai kai ni kabari." Ita ta ɗauka yabo ne, ta dawo tana murna, ta ce, "Ka ga yadda Baba ke ji da kai?" Ni fita na yi bayan gida na zauna. Na kira mai shago da gaske wannan karon na faɗa masa komai, ya ce mai laushin yana nan, gobe zai ba direba ya kawo min, amma baƙi ne. Ja da baƙi, ko makaho ya shafa zai ji an sauya, balle Baba da ke goge nasa kowace safiya.

Ranar Asabar za a fara allurar shekara, zai kama hanyar arewa, kwana goma a kan gargada, inda ko waya ba ta shiga. In na yi shiru, ƙila a amalanke za a dawo da shi. In na sauya a ɓoye, kamar na ce masa ne na san ya yi min kara, na tona abin da ya rufe da bayansa. In na durƙusa na faɗi gaskiya, maiɗakina za ta san wata uku ina kallon ana tsaga ubanta saboda dariyar shago, kuma ban san ko za ta sake kallona ba. Na yi tunanin neman wani dattijo ya shiga tsakani, amma dattawan su ne waɗanda ya yabe ni a gabansu.

Yau Laraba. Don girman Allah, jama'a, me zan yi?